Farantin da Ba Ka Ɗaura Ba

Gumel, ranar Laraba, ƙarfe huɗu da minti ashirin na yamma. Ina zaune a zaurenmu, kekenka na jingine a gabana. Yau kwana arba'in da shida da rasuwarka.

Assalamu alaika, Yaya Sagir.

Na san ba za ka karanta wannan ba. Amma akwai amsar da kake jira daga wurina, kuma ban san inda zan kai ta ba.

Gida lafiya. Inna ta fara cin abinci sosai. An yi girbin gero, riɗi ne bai yi kyau ba. Har yanzu ana kawo fanka da rediyo shagonka, sai maƙwabcinka ya faɗa musu. Ni kuma an ba ni aikin koyar da lissafi a wata makaranta da ke bayan gari. Daga ƙofarmu zuwa can kilomita huɗu da mita ɗari shida ne. Sau uku na auna da waya.

Maganar kekenka ce ta taso. Inna ta ce ba za ta iya ci gaba da ganinsa a zaure babu mai hawa ba. Ko in riƙa zuwa aiki da shi, ko ranar Juma'a a ba Kawu Isiyaku na Sule Tankarkar. Shi kuwa ya riga ya faɗi shirinsa: zai cire ƙarafan nan huɗu da kake takawa a gefen tayoyi, ya sa a yi masa walda a baya don ɗaukar jarkoki. Ba mugunta ba ce, ruwa ya yi masa nisa. Amma idan wuta ta taɓa keken nan, ya tashi daga BMX, keken wasa, ba wanda zai sake juyi a kansa.

Sai na ce zan hau.

Ranar Litinin na tafi da shi yadda ka bar shi, da ƙaramin farantin sarƙa na gaba mai haƙora ashirin, na baya kuma tara. Na san don wasa ka ɗaura shi, don feda ta yi laushi idan kana juyi a taya ɗaya. A kan titi kuwa azaba ce. Kowane zagayen feda mita uku da rabi kawai yake kai ni. Ƙafafuna suna ta gudu, keken yana rarrafe. Na isa bayan an shiga aji, rigata ta jiƙe sharkaf.

Jiya na cire shi na ɗaura mai ashirin da biyar da ke rataye a ƙusa. A kwalta ya yi daɗi. Amma a yashin nan na wajen famfo sai da na sauka na tura. Da yamma na gwada tayar da shi daga tsaye a hankali, yadda kake yi, feda ta yi nauyi har na kusa kifewa. Yanzu na gane abin da ya sa kan ƙusoshin da ke riƙe farantin ya cinye. Kullum sai ka canza, ko? Ƙarami idan za ka wasa, babba idan Inna ta aike ka?

Ga abin da ban taɓa faɗa maka ba. Saƙon muryar da ka turo min lokacin ina can ina karatu, na saurare shi. Minti ɗaya da daƙiƙa goma sha biyu ne. Ka ce ka gaji da kwance-kwance, ni ne mai lissafin gidan, in duba maka faranti ɗaya da zai yi wasa ya kuma yi hanya. Da muka yi waya na ce ban gani ba. Ƙarya na yi. Kunya nake ji, Yaya. Mutum mai shekara ashirin da takwas yana juyi a kan keken yara, mutane suna dariya. Abokaina sun san kana gyaran lantarki, ba su san wannan ba. Shekara shida kana zuwa dandamalin simintin nan na bayan tsohon sito, ban taɓa tsayawa na kalle ka ba. Lissafin da ka roƙa, da na zauna yin sa, minti bakwai ya ɗauke ni.

Amsar ita ce ashirin da biyu. Kusan mita uku da santimita tamanin da huɗu a kowane zagaye. Bai kai mai ashirin da biyar gudu ba, amma yana ratsa yashi, kuma yana tashi daga tsaye ba tare da gardama ba.

Yau da safe ina neman sifana a akwatin kayan aikinka, sai na ga leda a ƙarƙashin tsumma. Sabon faranti ne, ba a buɗe ba. Na ƙirga haƙoransa sau biyu: ashirin da biyu. A jikin ledar ka rubuta sunana da biro, da alamar tambaya.

Ashe ka riga ka sani. Me ya hana ka ɗaurawa? Me ya sa sai na ce eh?

Na ɗaura shi. Sai da na ja tayar baya ta koma baya da kamar milimita tara kafin sarƙar ta zauna. Na isa makaranta saura minti tara a buga ƙararrawa. A dawowa na bi ta dandamalinka. Ba kowa sai awaki. Na taka ƙarafan baya, na tsaya daƙiƙa biyu, na faɗi. Na sake, na sake faɗi. Na faɗa wa Inna keken ya zauna. Kawu kuma zan nema masa amalanke.

Abubuwan da har yanzu ban sani ba:

wanda ya kawo maka farantin, ko wani direban motar Maigatari ne ko wani daban;
tsawon lokacin da ya yi a akwatin;
amfanin da'irar da ka zana da fenti a tsakiyar simintin;
sunan juyin nan da kake sakin hannu biyu;
ko ka ga alamar da ke nuna na saurari saƙonka, ka yi shiru.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka makwancinka. Ka yafe min jinkirin.

Ƙaninka mai lissafi,
Nafi'u