Masu Haƙa Gindin Rumbuna

Litinin, 16 ga Oktoba

Haliru ya diro Nahuce daga Gusau. Jikana ne, miji nake ce masa, mijin da ko goro bai taɓa kawo mini ba. Gaisuwa a tsaitsaye, sai ya kife a tsakar gida da waya, yana ɗaukar hoton ramukan nan na gindin rumbu. Wai ƙudan zuma ne na jeji, mai haƙa ƙasa. Na ce ina zumar? Ya ce ba ya yi. To malalaci ke nan, irin mai ɗaukarsa hoto.

Talata, 17 ga Oktoba

Na riga na gayyaci Kulu maƙwabciyata da matan unguwa, Asabar za su yi mini daɓe. Makuba tana jiƙe. Shi kuwa wai in ɗaga masa ƙafa, in an daɓe ramukan sun toshe, kuma da su zai gama makaranta, sai ya gano ko wane iri ne. Na ce ya gano kafin Asabar. Na gaji da shanya hatsi bisa ƙasa ina tauna tsakuwa cikin tuwo, da haƙoran da suka rage.

Laraba, 18 ga Oktoba

Ya tura wa malamarsa hotuna, Malama Dibora. Ta ce duk dishi-dishi ne. Tana son fuska, da jijiyoyin fiffike, da gashin ƙafar baya. Fuskar ƙuda fa. Ni da na goya shi ba ya da hotona ko ɗaya.

Da ya tafi masallaci na share tulin ƙasar bakin ramukan tas, na barbaɗa toka.

Alhamis, 19 ga Oktoba

Ba ya yi mini magana. Tuwona dai ya sha kashi.

Juma'a, 20 ga Oktoba

Ya tafi Bungudu salla. Ina zaune ina tsinkar yakuwa sai ga ɗaya daga cikin ƙudajen ta dawo, ƙafafunta rawaya da garin fure, tana shawagi inda na share. Ta rasa ƙofa. Ta sauka ta tona, ta tashi, ta sake sauka. Har na gama yakuwar ba ta haƙura ba.

Da ya dawo na tsokane shi, ina sarkinsu da bai aiko mata 'yan taya aiki ba? Ya ce, "Ba su da sarki, Inna. Kowace uwa ita kaɗai ke haƙa, ta tara abinci, ta sa ƙwai, ta rufe. Ba ta ko ganin ɗiyan."

Na ce wauta ce. Haka mutane suka ce da ni sa'ad da maigidana Malam ya rasu na ƙi rarraba yaran ga dangi.

Asabar, 21 ga Oktoba

Mata sun zo da madaɓai, ana bugu ana waƙa. Da aka kusa gindin rumbu na ce a tsaya nan.

"Yaya, mi ya faru? Nan fa kike shanya," in ji Kulu.

Na ce makuba ta ƙare. Ta leƙa tukunya, ta dube ni. "Wagga da ke cike?"

Na ce ta je a duba mata ido. Haliru ya fara washe baki, na jefe shi da mara.

Laraba, 25 ga Oktoba

Malamar ta ce a sababbin hotunan fuskar ta fito, ta gane dangin, amma ainihin sunan sai an samu hoton namijin. Ko a ƙudaje sai an yi cigiyar miji. Haliru ya koma Gusau, ya bar mini tsohuwar wayarsa, ya nuna mini wurin dannawa in na ga namijin. Na ce ba zan taɓa ba.

Daɓe ya yi sumul, sai wurin nan kamar giɓi a baki. Ina korar kaji daga can, don kada su watso mini ƙasa ne kawai.

Hoton da na ɗauka yau, babban yatsana ya rufe rabi. Laifin wayar ne.