Gaurakan da ya rage

Tawa, daren Lahadi, Satumba 1965

Bakina ne ya jawo. Ranar Alhamis a biro, wato ofishinmu, don in burge shugabanmu, na ba shi labarin gauraki biyu da ke kiwo a ruwan da ya kwanta bayan gonar Baba Illa, a Kalfu. Har kwatance na yi masa dalla-dalla.

Yau na iske motarsa can, ya zo da bindiga. Ɗaya ya harbe.

Baba Illa, da ya yarje mini zama gindin gawonsa tun farkon damina, bai yi faɗa ba. Ya ce, "Ɗana, ba kallo kaɗai ka ce mini ba?"

Har na hau kekena, ɗayan yana kewaya ruwan yana kira.