Ƙanenka da Ake Kira Tarakta

Kura, 9 ga Janairu, 1986

Zuwa ga ɗan Gwaggo, a makarantar Zariya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da karatu. Da hannuna na rubuta, ka yi haƙuri da karkacewar baƙaƙen. Sunanka kuwa ƙanwarka Habiba zan ba, ta rubuta a bayan ambulan, yaƙi da jahilci bai raba ni da kunyar ɗan fari ba.

Ka tuna labarin da ka karanta mana da hutu? Birnin nan da masu ruwa ke zaune a tudu, talakawa na yi musu noma, ana ba su wani magani mai kashe yunwa da barci. Har na yi dariya na ce tatsuniyar 'yan boko ce.

Ƙanenka Lukmanu yana ƙwadago a gonar mahaifinku, wadda muka ba wani Alhajin birni haya don ba mu da taki. Tumatir ya nuna, motocin Kudu ba sa jira. Yaron nan yana cika kwandunan mutum uku, har ana kiransa Tarakta. Da ina jin daɗin sunan. Yanzu tuwo yake bar mini a kwano, idonsa ja, bakinsa ba ya shiru.

Yaya labarin nan ya ƙare?

Mahaifiyarka,
Hawwa'u

Kura, 2 ga Fabrairu

Ɗan Gwaggo,

Ina gaishe ka, ina tambayar lafiyarka. Mu dai sai addu'a.

Mata sun ce iskokin babbar hanyar ruwa ne suka taɓa shi, don yana wanka a can. Na yi ta karɓo rubutu, ashe da shi yake kora abin. Habiba ce ta gani, ƙwaya ce fara. Sallau mai kula da leburori ne yake raba musu kowace safiya, kamar goro.

Na je na durƙusa wa Sallau. Ya ce shi ma daga sama ake ba shi, kuma bai taɓa ɗura wa kowa ba. 'Ya'yan Alhajin suna cikin mota suna shan lemo, suna kallona. A nan na tuna mutanen tudunka.

Ba ka ba ni amsa ba.

Hawwa'u

Kura, 20 ga Fabrairu

Ɗana,

Gaisuwa da fatan alheri. Takardarka ta iso. Ka ce mutanen littafin sun saba da halinsu, ba wanda ya zo cetonsu. Ka ce marubucin ya san duniya, kuma jarrabawa ta matso.

Ranar Laraba aka tsamo Lukmanu daga hanyar ruwa. Ya ce tumatir yake tsinka a ciki. Kawu Dattijo ya ɗaure shi a turken akuya don kada ya koma. Jiya ya dube ni ya tambaya ko ni ce mai raba maganin. Kafin azahar ta ranar da aka tsamo shi, Sallau ya sa Jaji ɗan maƙwabta a gurbinsa, har an fara kiran yaron Tarakta.

An ce asibitin Zariya na duba masu irin wannan ciwon. Ni ban san hanya ba, ba na jin Turancinsu. Kawu ya ce in Juma'a ta wuce zai kai shi gidan mari.

Wancan marubucin ba shi ya haifi mutanensa ba. Yau ba Habiba, da hannuna zan rubuta: Dalhatu, ka rufe littafin ka zo.

Mahaifiyarka,
Hawwa'u