Kamfanin da Ba Shi da Ƙofa

Daren Laraba, Kankiya.

Haƙarƙarina sai zogi yake. Yau Buba, makiyayin nan na Rimaye, ya tare ni a bakin kasuwa, ya yi ta zuba mini sanda har jini ya ɓata rigata. Shanunsa sun mutu da maganin wani kamfani da na tallata da muryata a waya don in samu kamasho.

"Malam, ni ban san kamfani ba! Muryarka na ji, na saya!" in ji Buba.

Duk karatuna, tsokar kamasho na duba, ban tambayi inda masu kamfanin suke ba. Na kira, layinsu a kashe. Wallahi da zan kama mai shi, sai na fasa masa kai. Amma su ba su da ƙofa. Tawa kuwa Buba ya san ta, kuma ya ce gobe da 'yan'uwansa zai zo.