Rantsuwar Inna a Ofishin Waya

Bayramali, 9 ga Mayu

Zuwa ga Yaya Sulgun,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da jaririya. Yaya jego, yaya Istanbul? Allah ya raya mana ita, ya sa albarka. Mu nan lafiya lau, in ban da idon Inna.

Tazegul, 'yar kasuwar nan mai zuwa sarin yadi garinku, ita ce za ta kawo miki wannan takarda a cikin jakar yadinta. Kin tambaye ni a waya me ya sa kiran bidiyon nan ya yanke, na ce miki wuta aka ɗauke. Ƙarya na yi. Kin san wayar ƙasar nan, in mutum biyu suna magana, mutum uku ne a kai.

An ja mana intanet gida bayan shekara biyu muna jira. Amma a ofishin wayar garinmu yanzu sai mutum ya dafa Alƙur'ani ya rantse ba zai taɓa amfani da VPN ba, abin nan da muke kira mabuɗi, mai buɗe shafukan da gwamnati ta toshe. Kin san wa ke riƙe da Alƙur'anin? Hidir ɗan maƙwabtanmu, wanda kika taɓa zanewa a kan satar inabinmu. Yanzu ya ajiye tumbi, ya ɗaura taye a wuya irin na ma'aikata.

Ni da nake da mabuɗi har biyu a wayata, hannuna ya ƙi. Sai na yi dabara. Gidan da sunan Inna yake, ita kuwa ba ta ma san mene ne mabuɗi ba, to ina laifi in ta rantse? Na kai ta. Ta yi alwala, ta yafa farin gyalenta kamar mai zuwa Idi. Hidir ya ce, "Inna, faɗi kawai ki wuce, ba wani abu ba ne." Haruffa ukun nan ma sai da ya gyara mata sau biyu, mutanen layi suna ta ƙyaƙyata dariya. Na dawo gida ina yaba wa kaina wayo.

Intanet ɗin kuwa, in ba mabuɗi, me ke ciki? Shafin yanayi, shafin girbin auduga, sai hotunan dawakin gwamnati. Na nemi zanen wuyan riga don ɗinkina, sai farin shafi da 'yar da'irar nan tana ta juyawa har shayina ya huce.

Ranar Juma'ar nan na zauna kusa da Inna in kira ki ta ga takwararta. Ta ce me nake fara dannawa haka? Bakina ya riga hankalina, na faɗa. Sai ta ce, "Wannan ne abin da na dafa Littafi a kansa?" Na ce ai ni nake dannawa, ba ita ba. Ta ce, "Ke Bossan, abokin ɓarawo ɓarawo ne. Ɗauke shi daga gabana." Daidai lokacin fuskarki ta fito, ita kuma ta juya ta fuskanci bango. Shi ya sa kika ga rufin ɗaki kawai.

Likita ya ce idon hagu ya riga ya tafi, ciwon sukarin kuma ya fara cin na dama. Shekara bakwai rabonta da fuskarki. Hoton da kika aiko yana ƙarƙashin matashinta, amma ta ce hoto ba ya amsa sallama. Ina tsoron idon ya rufe kafin ta gan ku, kuma na san ni na jawo.

Ki gaida maigidan, ki sumbaci yarinya.

Taki ƙanwa,
Bossan

Bayramali, 14 ga Yuli

Yaya Sulgun,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, yaya yarinya, ta fara wayo? Na ga amsarki. Kin cika shafi biyu da faɗa, na karanta duka. Faɗa daga nesa ba wuya. Ni nake yi mata allura safe da yamma, ni nake tsayuwar layin gurasa, ke kuma kina aiko da hoto da wa'azi. To na ji, na gode.

Maganar kaffara da kika kawo, mun riga ki. Na je wajen liman na tambaye shi. Ya kalli ƙofa, ya kalli taga, ya ce shi bai ji tambayata ba, in gaida gida. Sai Inna ta yanke wa kanta hukunci. Na ce mu ciyar da miskinai goma. Ta yi dariya ta ce, "A ina za ki samo su? Talabijin ta ce babu ko ɗaya a ƙasar. In kuma kika tara goma, na goma sha ɗaya zai zo da littafi da biro." Don haka azumi uku za ta yi, a jere.

Na ce mata malamai sun ce sai an karya rantsuwa tukuna ake kaffara. Ta ce, "In karya tukuna? In mutuwa ta same ni a tsakani fa, ke za ki amsa mini?" Kin san Inna. In ta kafe, raƙumi ya fi ta sauƙin ja.

Zafin bana kuwa ko kare ba ya fita da rana. Na ɗauki waya in duba ko mai ciwon sukari zai iya azumi, da yadda ake rage allura. Shafukan likitoci duk a toshe, mabuɗaina biyu kuma sun mutu tun watan jiya. Likitanmu ba zan iya tambayarsa ba, don zai ce azumin me ake yi a wannan wata.

Na je bayan rumfar masu kankana inda ake sayar da sabon mabuɗi. Wa zan gani a zaune yana kurɓar shayi? Hidir. Ashe rumfar ta surukinsa ce. Ko kunya bai ji ba. Ya ce, "A'a, 'yar Inna! Kwantar da hankalinki, ai ita ta rantse, ba ke ba. Kawo manat ɗari biyu." Na miƙa masa, ina ji kamar in tofa masa yawu.

Tazegul za ta tashi Litinin. Inna za ta ɗauki azumi Talata, ta sauke Alhamis. Ranar Alhamis da magaribar nan tamu ki zauna kusa da waya, ki sa wa yarinya hular da Inna ta saƙa mata. Ki zauna inda akwai haske sosai, ki matso da fuskarki.

Taki,
Bossan

Bayramali, 2 ga Satumba

Yaya,

Ina gaisuwa, ina fatan kuna lafiya. Wasiƙarki ta iso da zaƙi kamar zuma. Kin ce kin yi sadaka don murnar Inna ta ga takwararta. Zauna ki karanta wannan.

Ranar Alhamis ɗin da kika yi ta jira, tun azahar jiri yake ɗibar Inna. Na roƙe ta ta sha ruwa, ta ce saura ƙiris. Ta sa jar rigarta, ta maƙala azurfar aurenta a wuya. Ana kiran salla ta kurɓi shayi sau ɗaya, ta ce, "To, buɗe." Na danna. Bai buɗe ba. Ashe manyan baƙi sun sauka babban birni, an toshe komai a makon. Ta karɓi wayar ta kai ta dab da idonta na dama, tana kallon da'irar nan tana juyawa. Ta ce, "Wannan mai motsin ita ce?" Na ce a'a, Inna. Haka ta riƙe har ta sulale a jikina.

Na ce miki zazzaɓi ne ya kai ta asibiti. Ba zazzaɓi ba ne. Da ta farfaɗo, jini ya zuba a cikin idon. Likita ya ce wataƙila ko ba azumi zai zuba. Wataƙila. Abu na ƙarshe da Inna ta gani a duniya shi ne wannan da'irar.

Hidir ya zo dubiya da kankana ƙatuwa. Ya ce, "Haba, da kun faɗa mini! Ai layin gidana ba a taɓa toshe shi ba." Inna ta sa masa albarka. Ni na yanka kankanar na ba shi.

Kiran da ya shiga mako biyu da suka wuce, wanda kika yi ta kuka, kina ɗaga yarinya kina cewa ga ta, ga ta, Inna kuma tana cewa, "Masha Allahu, hancin babanku sak, ga hular ta yi mata kyau", ba ta ga komai ba. Tun da safe ta zaunar da ni na kwatanta mata hoton, ta haddace. Ni na riƙe mata wayar, ni nake juya mata haɓa ta fuskanci inda kike. Ke kina can kina murna, ko lura ba ki yi ba cewa kafaɗarki take kallo.

Bayan kin kashe ta sa na ɗauko Alƙur'ani, ta lalubo hannuna ta ɗora a kai, ta ce in rantse ba zan gaya miki ba. Ta ce in kika ji za ki taho, in kika taho kuma ba lalle hukuma ta bar ki ki koma wajen mijinki ba. Na rantse.

Mako biyu na riƙe. Na gaji da ɗauka ni kaɗai, kuma wallahi na ji haushin sadakarki. Yanzu kin sani. Ko ki zo ta shafa fuskarki da hannu, ko ki zauna ki ci gaba da ɗaga mata yarinya a waya, wannan ya rage naki.

Gobe Tazegul za ta tashi da takardar nan. Ni kuma zan tashi da azumi, na farko cikin uku.

Ƙanwarki,
Bossan