Kaset Masu Jan Zare

Baban Rahina,

Assalamu alaikum. Na san ba za ka karanta wannan takarda ba. Da ranka ma ba ka cika duba rubutuna ba, sai ka ce kamar kaji sun yi tono, balle yanzu. Amma ba ni da wanda zan gaya wa, kuma wallahi kai ka jawo mini.

Gida lafiya. Rahina ta sauka, namiji, an mayar masa da sunanka, kuma har rigimarka ya ɗauko. Daminar bana gota ta cika, ruwa ya shigo lungunmu har gwiwa. Magadan mai gidan da muke haya kuma sun sayar da gidan, za a rushe a yi bene. Ƙarshen wata aka ce mu fita, mu da ɗakin bidiyonka.

Ɗakin nan dai da ka fi so fiye da abincina. Duk ɗan unguwar Nima ko Maamobi da ya so ya zo ya ari kyamara, ka koya masa riƙewa, ya ɗauki suna ko Mauludi ko wasan ƙwallo, ya dawo ka ajiye kwafi a kanta. To, wasu mutane daga jami'a sun zo. Suna goge fumfunar da ta kama kaset, su juye a kwamfuta, su sa a intanet kowa ya gani. Na ba su duk na kanta. Da ka ga yadda suke ɗaukar su da hannu biyu, da ka yi ta fama da ni da cewa ai ka faɗa.

Matsalar na ƙarƙashin gado ne.

Ka tuna yadda aka fara? Mata suka ce namiji ba zai shiga inda ake sa amarya a lalle ba, ko da kai ne, sai ka koya mini kyamara, kana yi kana tsaki. In shiga, a rufe ƙofa, a zubar da mayafai. Tsofaffi su tada waƙa, wata da Hausa, wata da Dagbanci, wata da Kotokolanci, matan da ko dariya ba sa yi a titi su yi rawa har ɗankwali ya faɗi. In na fito in ɗaura wa kaset ɗin jan zare. Dokarka ce: mai jan zare ba ya shiga na'urarka, ba a ajiye kwafinsa, a miƙa wa mai shi. Ba ka taɓa leƙa ko ɗaya ba, wannan shaida zan yi maka har gaban Allah.

Ga abin da ban taɓa gaya maka ba. Na ce maka duk sun karɓi abinsu. Sun karɓa, amma sun dawo mini da su a ɓoye, ɗaya bayan ɗaya, a cikin zani. Gidan da talabijin ɗaya ce a falo, ga miji ga samarin 'ya'ya, ina mace za ta ajiye irin wannan? Na zuba su a akwatin ƙarfen kayan aurena. Shekara da shekaru a kansu kake barci kana minshari. Ka yafe mini.

Kowace sai da ta sa na yi alkawari. Hajiya Lantana mai waake, shinkafa da waken nan, har wuyan hannuna ta riƙe, ta ce ko 'ya'yan cikinta kada su gani. Ta riga ka tafiya.

Bayan ruwan nan na jawo akwatin na buɗe. Innalillahi! Fari fat, kamar burodin da aka manta a leda. Shugabar mutanen jami'ar, wata mace mai hankali, ta ce in suka ƙara damina ɗaya shi ke nan. Ta ce waƙoƙin nan babu su a ko'ina, kuma gaskiyarta, yanzu wa ke yi? Sai a kira mai sauti ya cika lungu da ƙara. Na roƙe ta a juye a kulle. Ta ce ƙa'idar aikinsu duk abin da aka juye na kowa ne, kuma mai gogewar namiji ne, dole ya zuba ido yana kallo har kaset ya ƙare.

Na je wurin liman, ya ce amana amana ce, in tambayi masu ita. Masu ita! Uku suka rage. Ɗaya ba ta gane kowa. Ɗaya tana Kumasi, ta ce in ƙona. Ta ukun ta ce in yi yadda na gani, wato ta sake ɗora mini kayan ta yi gaba.

Shekaranjiya kuma jikar Hajiya Lantana ta zo, budurwa, ba ta taɓa ganin kakarta ba. Ta ji labari a unguwa, tana so ta ga kaset ɗin da kakarta ke ciki. Ba ta yi mini gardama ba, zama kawai ta yi a bakin gado tana kallon akwatin. Da na ce mata a'a, ta yi godiya ta tafi. Tun ranar abinci ba ya mini daɗi.

In na bayar na ci amanar matattu. In na riƙe, fumfuna ta cinye su a hannuna, ni na kashe su karo na biyu. Rahina na ta cewa in koma wurinta unguwar Madina, amma in kai akwatin nan falon suruki? Na zama mai gadi, Baban Rahina. Ko kasuwa na je hankalina na ƙarƙashin gado. Me ya sa ka koya mini kyamarar nan? Me ya sa ba ka bar ni da tuyar ƙosaina ba?

Jumma'a motarsu za ta zo ɗaukar kantocin, zuwa na ƙarshe ke nan. Sau uku ina jan akwatin zuwa bakin ƙofa ina mayarwa. Yau da safe na zauna na bi su ɗaya ɗaya, ko zan sami wanda nake da ikon bayarwa. Guda ɗaya na samu. Ranar lallen Rahina ne, da ƙawayena suka ƙwace kyamarar daga hannuna suka tura ni tsakiyar fili. Ni ce a ciki, ba ɗankwali, ina rawa, ina waƙar da uwata ta yi mini.

Na sa almakashi na yanke zarensa. Shi kaɗai zan ba su. Sauran suna nan, ban san yadda zan yi da su ba.

Duniya za ta ga rawata, mutumin jami'a ma zai gani. Kai da ka aure ni shekara arba'in ba ka taɓa gani ba, don ka kiyaye dokarka, ni kuma kunya ta hana ni in ce maka zo ka gani. Wannan ne ya sa ni kuka yau.

Allah Ya haskaka kabarinka, Ya yafe mana baki ɗaya. Sai na zo.

Matarka,
Maman Rahina