Kujerar Leszek a Bakin Titi

Chicago, 9 ga Janairu

Yayata Danuta,

Gaisuwa mai yawa. Ya ƙafar taki, ya jikoki? Mu dai muna nan, gajiya ce kawai.

Na ga hoton gidan da kika aiko, mai gareji, kusa da naki a can bayan gari. Ba zan ɓoye miki ba, ya kwanta mini. Shekara talatin da ɗaya ina hawa bene uku da kayan cefane, gwiwoyina sun gaji. Amma kin san mijin ƙanwarki. Da na nuna wa Leszek, cewa ya yi bayan gari maƙabarta ce mai ciyawa, in ya mutu in kai shi.

Shekaranjiya dusar ƙanƙara ta sauka har gwiwa. Awa biyu ya yi yana haƙo motarmu, ya kafa kujerar kicin a gurbin don kada wani ya shiga, sannan ya wuce ya share wa tsohuwar maƙwabciyarmu Madam Ofelia ƙofarta, kamar kowace shekara. Ga shi likita ya hana shi taɓa shebur saboda zuciyarsa. Na yi magana har bakina ya yi tsami.

Ƙanwarki,
Halina

21 ga Janairu

Yaya,

Da fatan kuna lafiya. Ki yi haƙuri da rubutun, daga asibiti nake.

Wani sabon ɗan haya da bai san dokar layinmu ba ya ɗauke kujerar, ya ajiye motarsa. Sai Leszek ya sauko ƙasa. Shebur ya ɗauka ya shiga haƙa wani gurbin, wai a ga yadda maza ke yi. A nan ya yanke jiki ya faɗi.

An yi masa aiki, ya farfaɗo. Kin san abin da ya fara tambaya? Ko an mayar da kujerar. Na rasa dariya zan yi ko kuka.

Tsoro nake ji, yaya. In muka ƙara hunturu ɗaya a layin nan, takaba zan yi. Na faɗa masa haka, ya juya fuska bango ya ce ba inda za shi.

Ki sa mu a addu'a.
Halina

6 ga Fabrairu

Yayata,

Ina gaishe ku duka. An sallame mu, jiki da sauƙi.

Jiya ƙanƙara ta sake zuba. Da safe na sami Leszek tsaye a taga. Na leƙa, sai ga Madam Ofelia, mai shekara tamanin da biyu, ita da ɗan hayan nan, suna share gurbinmu. Da suka gama ta ajiye kujerarta a ciki, ta ɗago hannu tana cewa, "Koma ka kwanta, tsoho, mun hutar da kai!"

Na ɗauka zai ji daɗi. Sai ya saki labule ya ce, "Halina, yau ni ake share wa. Rubuta wa Danuta."

To, na samu abin da nake nema, amma wallahi ban ji daɗinsa ba. Tun lokacin ko shayi bai nema ba.

Ki riƙe mana gidan. Roƙona ɗaya: ranar da za mu iso, kada ki yi murna a gabansa, kuma ki ja kunnen mijinki kada ya karɓi kaya daga hannunsa. Ko akwati ɗaya ne, ku bar shi ya shigar da kansa.

Taki har kullum,
Halina